Madarar da 'Yata Ba Ta Sha Ba

Ban taɓa shan wahala irin ta kakar da maiɗakina ta koma aiki da ɗanyen goyo ba. Na yi noman auduga shekarar da tsutsa ta cinye ta, na yi dakon buhu a Funtua ina saurayi, duk ba su gajiyar da ni kamar watannin nan ba. Abin haushin kuma, rabin wahalar a banza na sha ta.

Muna wani ƙauye ne tsakanin Funtua da Bakori, a gidan gado mai sassa uku. Inna mahaifiyata tana tsakiya, ƙanena da matarsa suna gabas, ni da iyalina muna yamma. Ni manomi ne, masara da dawa da ɗan waken suya. Boko a aji huɗu na ajiye shi. Maiɗakina ce mai karatu. Bayan ta haifi yaranmu maza biyu ta koma makaranta, ta samu koyarwa a firamare, har ni ma na koma kiranta Malama. Haihuwa ta tsaya mana shekaru masu yawa, mun riga mun cire rai, sai ga 'ya mace. Sunan Inna na sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunanta a gidan. Inna kuwa takwara take ce mata.

Hutun haihuwa ya ƙare yarinyar ko zama ba ta fara ba. Makarantar Malama a wani ƙauye take ta wajen Mahuta: mota zuwa Funtua, daga nan babur a hanyar burji mai ramuka. Fita da sassafe, dawowa bayan la'asar. Ita da farko cewa ta yi za ta riƙa tafiya da ita a goye. Inna ce ta hana.

"A hanyar nan? Ku jijjige min ita kamar ƙwarya a bayan jaki? Ku bar min takwarata. Me nake yi a gidan in ban da zama?"

Na ji daɗin maganar nan har zuciyata. Malama ma ta durƙusa ta yi godiya.

A asibiti nas ta ce a haɗa biyu. Yarinya ta sha nono kafin uwar ta fita, a tatsa wani a kofi mai murfi a ba ta da hantsi, tsakar rana a ba ta madarar gwangwani ta jarirai, da uwar ta dawo kuma ta kama nono har safe. Ta ce muddin yarinya tana kamawa safe da yamma, nonon ba zai kafe ba. Malama ta koya min yadda ake haɗawa, tunda ni ba iya karanta jikin gwangwanin zan yi ba. Akwai ɗan cokali shuɗi a ciki, akwai layuka a jikin fida, robar shan madarar, cokali ɗaya ga layi ɗaya. Ruwa sai an tafasa ya huce. Ita ma Inna aka nuna mata, tana ta gyaɗa kai tana cewa ta gane.

Tafasa ruwan da wanke fidar ni na ɗauka, don Malama da safe ba ta da hannu. Kafin in tafi gona na hura wuta, na dafa fida a tukunya kamar dankali, na cika fulas, na kai sashen Inna tare da gwangwani da kofin nonon. Malama kuwa tana zaune bakin gado tana tatsa, tana cije leɓe, idonta a kan agogon waya. Labari ya kai majalisarmu ta ƙofar masallaci, ban san ta bakin wa ba. In na zo sai wani ya matsa ya ce, "A ba ungozoma wuri." Wani ya ce ko in leƙa gidansa, akuyarsa ta haihu ba ta da nono. Ina dariya, don a ganina abin da ya kamata nake yi.

Madarar nan tsada ce da ita kamar maganin asibiti, ga gwangwanin ba ya daɗewa. Da ya ƙare Inna za ta miƙo min shi wayam ta ce, "Takwara akwai ci." In ɗaure buhun masara a babur in nufi Funtua in sayo wani. Masarar da na yi niyyar ajiyewa har bazara, a haka ta riƙa fita. Ban taɓa jin ciwon abin ba, don yarinya tana ta ƙiba, kumatu kamar an hura.

Matsalar da yamma take. A farkon komawarta, Malama takan shigo gida gaban hijabinta a jiƙe, ƙirji ya yi mata tauri, ko takalmi ba ta gama cirewa take cewa a miƙo mata yarinyar. Inna ta ce sai ta wanke nono tukuna, ta tatsar da na farko, wanda ya sha rana. Ta yi. Amma in an kawo yarinyar, a ƙoshe take, tana barci kamar an yi mata duka. A tashe ta, ta ɗan lasa, ta kau da kai. Malama ta roƙi Inna a daina ba ta madara in la'asar ta kusa.

"To in tana kuka in zuba mata ido?" in ji Inna.

Da daddare takan kama, amma da faɗa, ta ja ta saki ta yi ƙara. A hankali hijabi ya daina jiƙewa. Kofin safe da yake cika ya koma rabi, ya koma abin da ko gindin kofin ba ya rufewa. Malama ta sha kunun kanwa, ta sha na gyaɗa, ta ci zogale har ya ishe ta. Kunun ma Inna ce take dama mata da hannunta.

Asabar da Lahadi, da babu makaranta, sun fi kowace rana muni. Yarinya ta ƙi nonon uwa, sai in haɗa madara in ba ta. Ta tura kan fidar da harshe kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta banƙare, ta yi ta kuka har muryarta ta dishe. Sai ga Inna ta ɗaga labule.

"Kawo ta nan. Hannuna ta saba da shi. Kai hannunka warin taki yake."

Ta tafi da ita da fidar, an jima ta dawo da ita tana barci, fida wayam. Ni kuma in ce oh, tsohuwa dai tsohuwa ce. Malama ta juya fuska bango. Wata Lahadi na ji ta tana cewa, ba da ni take ba, "Ni na haife ta, ni kaɗai ce ba ta so a gidan nan."

Daga nan Inna ta ce nonon ne ba shi da kyau, a gwada. Ta kira wata tsohuwar ungozoma ta unguwarmu. Aka sa Malama ta tatsa a ludayi, da ƙyar aka samu abin da ya taru, aka kamo tururuwa aka jefa a ciki. In ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu, ya ɓaci. Muka tsaya a kanta mu huɗu muna kallo kamar masu jiran hukuncin alƙali. Ta yi ta wutsil-wutsil, ta kama gefen ludayin ta zame, daga baya ta daina motsi.

Na ce, "Inna, tururuwa ai ko a randa aka jefa ta mutuwa za ta yi."

"Kai ka san nono ne? Je ka waje."

Ungozoma ta ba da wani garin sassaƙe, a sha a shafa. Ta ce nonon da ke yini a kan babur cikin rana dole ya yi zafi. Malama mai karatu ce, ta san abin da nas ta gaya mata, amma ranar ta karɓi ƙullin da hannu biyu. Ta sha, ta shafa. Har ta fara maganar ko ta rubuta takardar barin aiki, aikin da ta yi shekaru tana nema. Ni na ce ta dakata.

Ranar wata kasuwar Bakori na kai waken suya. Ƙanena mai shayi ne, teburinsa a bakin titi yake, ranar kasuwa kuwa ya kwashi kayansa zuwa can. Na sayar da wake da wuri, na biya ta wurinsa in sha shayi. Na tarar ya tafi ɗebo ruwa, mutum biyu suna zaune a benci suna jiransa. Tunda teburin ƙanena ne, na ɗauki kofi zan haɗa da kaina. Na buɗe robar da yake zuba madarar gari.

Warin ne ya fara dukana. Madarar jarirai tana da wani ƙarni nata, kamar an jiƙa ƙusa a ciki, wanda ya saba haɗa ta ba ya ɓata shi. Na sa yatsa na tona. Ga ɗan cokalin nan shuɗi a binne.

Ɗaya daga cikin na bencin ya ce, "Malam, zuba da yawa. Madarar wurin nan daban ce, in ka sha har barci take sa ka."

Ƙanena ya iso da jarka a kafaɗa. Ya ga abin da ke hannuna, ya ajiye jarkar, ya sosa ƙeya, sai ya yi 'yar dariya.

"Yaya, sannu da zuwa. An sayar?"

"Wannan daga ina?"

"Haba Yaya, a gaban mutane?"

"Daga ina?"

Ya jawo ni gefe, bayan wata motar itace. "To zubarwa za a yi? Inna ce ta ce in riƙa juyewa in mayar mata da gwangwanin. Ina haɗawa da tawa ne, ba ita kaɗai nake sa wa mutane ba."

"Ita yarinyar me take sha?"

Ya dube ni kamar ni ne mai abin mamaki. "Ai matata ce ke ba ta. Tun makon farko. Ita nono ya yi mata yawa, yaron ba ya shanyewa. Ba ka ga yadda ta yi ɓul-ɓul ba? Wallahi Yaya na ɗauka ka gane ka yi shiru ne."

Matarsa ta riga Malama haihuwa da 'yan watanni, namiji. Kullum ina wuce ta a tsakar gida tana ce min, "Yaya, ina kwana, ya takwarar Inna?" Shi kuma sau nawa yana taya ni ɗaure buhun masara a babur, yana ja min igiya, yana cewa Allah ya kiyaye hanya.

Na tayar da babur.

Ba a saba ganina a gida ranar kasuwa kafin magariba ba. Na kashe babur tun daga bakin masallaci na tura shi. Ina cikin zaure na ji muryar Inna daga sashen gabas.

"Ƙara mata ɗayan. Inuwa ta kai turmi, uwar ta kusa. Ta cika cikinta kafin a zo a ɗura mata wancan."

Na yi sallama na shiga. Matar ƙanena tana kan tabarma, 'yata a cinyarta, nata yaron yana kwance a gefe yana wasa da ƙafa. Ta ja zane ta rufe, ta sunkuyar da kai. Fulas ɗina yana jingine da bango, a cike yadda na kai wa Inna shi da safe. Inna ko gezau.

"Kasuwar ta watse ne?"

Na durƙusa, don ban taɓa yi mata magana a tsaye ba. Na ce, "Inna, daga wurin mai shayi nake."

"To. Ka ji kenan."

"Me ya sa?"

"Me ya sa me? Jikata marainiya ce da za a riƙa dama mata gari a roba? Ga nono a gida yana zuba. Kai kanka da na yi ciwon nono, gwaggonka ce ta shayar da kai. Ga ka nan, me ya same ka?"

"Baba ya sani lokacin?"

"Ya sani mana."

"To ni me ya sa ba a gaya min ba?"

"Da an gaya maka, da ka kai mata. Kai ai ba ka iya riƙe magana in dai ita ce."

Na ce, "Wanda take tatsa da safe fa?"

Ta nuna gindin katanga da haɓa. "Can nake zubawa, inda ba a takawa. Nonon da ya bar jiki ya yi sanyi a kofi, wa yake ba ɗa?"

Na tuna Malama a bakin gado tana cije leɓe. Na ce, "Inna, kina kallo tana kuka. Ke kika dama mata kunu. Ke kika kira a jefa tururuwa, alhali kin san abin da ya hana yarinyar kamawa."

"Tururuwar ni na kashe ta? In tana son 'yarta ta sha nononta, ta zauna a gida kamar kowace mace. Ba a goyo a kan titi."

Matar ƙanena ta ce a hankali, "Yaya, wallahi na ce a gaya mata. Inna ce ta ce in na buɗe baki..."

"Ke rufe min baki," in ji Inna.

Abin da ya fi tsaya min a wuya, Inna ba ta ga ta yi komai ba. A fuskarta babu kunya babu mugunta, kallon da take min irin wanda take min ne ina yaro in na ƙi shan magani. Da baƙo ne ya yi min haka, na san abin da zan yi masa. Na tashi na koma sashenmu na zauna a kan turmi.

Malama ta shigo bayan la'asar, ƙafafunta jajir da ƙasar hanya, da ledar lemo a hannu. Takan sayo wa Inna a Funtua. Na ce ta zauna. Na gaya mata duka, tun daga teburin shayi, ban rage komai ba.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun makon farko."

"Kullum?"

"Kullum. Har Asabar da Lahadi."

"Ashe ita da yaron sun zama 'yan'uwan nono." Ta faɗa kamar tana karanta wa 'yan aji. "Wannan ai ba abin ɓoyewa ba ne, dole dangi su sani, saboda gaba. Ko wannan ba su duba ba." Ta dafa ƙirjinta. "Baban yara, ni fa na ɗauka Allah ne ya ɗauke min. Har istigfari nake yi a kan babur."

Ta ajiye ledar lemon a ƙasa, ta tafi sashen gabas. Ban ji hayaniya ba. Ta dawo da yarinyar a kafaɗa tana barci, ta shiga ɗaki ta saki labule. Da magariba Inna ta aiko da tuwo da kunun kanwa. Tuwon na ci. Kunun yana nan a bakin ƙofa har ya yi sanyi. Ƙanena ya dawo bayan isha'i ya tsaya a bakin sashenmu yana sallama, na amsa daga ciki, ban fito ba.

Washegari ranar yankan dawata ce, na riga na gaya wa 'yan ƙodago. Da na dawo daga sallar asuba na hura wuta, na dafa fida, na cika fulas. Akwai sabon gwangwani da ban kai wa Inna ba tukuna. Na zuba su duka a buhu, da tabarma, da ƙaramin cokali, na ɗaure a gaban babur. Na ce wa Malama ta goya yarinyar, ta rufa mata zane biyu.

Na shiga gaida Inna kamar kullum. Tana kan buzu da carbi. Na durƙusa, ta amsa, ta leƙa bayana.

"Ina takwarar? Kawo ta."

"Da ita za mu tafi."

"Ku wa?"

"Ni zan kai su."

"Dawar fa?"

"Ta jira."

Ta ce, "Yanzu ni za ka yi wa haka?"

Na ce, "Sai mun dawo, Inna."

A bakin hanya na tsaya na sallami 'yan ƙodago. Muka bi ta Funtua, muka ɗauki hanyar burji, ina tafiya a hankali ina kauce wa ramuka, masu babura suna wuce mu suna danna min oda. Da muka isa Malama ta kwance ta ta miƙo min, ta shiga aji. Na shimfiɗa tabarma a gindin wata darbejiya bayan makarantar.

Da hantsi yarinya ta farka da yunwa. Na haɗa madara kaɗan. Ta ƙi fida kamar yadda ta saba, sai na koma ɗiga mata da cokali, rabi a baki rabi a rigata. Ban bari ta ƙoshi ba. Ta yi kuka, na saɓa ta a kafaɗa ina zagaya bishiya, matan da ke wucewa zuwa rijiya suna waiwaye, wata tsohuwa ta ce, "Bawan Allah, ina uwar?" Na nuna mata aji.

Da aka kaɗa ƙararrawar tara, Malama ta fito da sauri har tana tuntuɓe. Ta zauna ta ba bango fuska, ta sa ta cikin hijabi. Yarinya ta banƙare, ta yi ƙara, ta kama, ta saki. Malama ta gyara mata kai ta sake ba ta. Ta sake kamawa. Ko akwai abin kirki a ciki ko babu, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Na bar su a nan na shiga cikin gari a ƙafa. Na tambayi wani mai faci gidan mai unguwa, ya nuna min. Na yi sallama, aka shimfiɗa min tabarma a zaure, muka gaisa. Na ce masa ɗaki nake nema na haya kusa da makaranta, wanda mace mai goyo za ta iya zama a ciki.